Zaman da ba aure: wa zai ci da yaro?

Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. To amma akwai wani fage da maza da dama ke cin ladan su tsere wa askin, wato zaman da namiji ke yi da mace shekara da shekaru, har Allah ya kawo rabo, sa'an nan wata rana ya kaɗe rigarsa ya ce ba aure tsakaninsu, saboda haka ba abin da ya hau kansa. Uwa ta saura da goyo, kaka ta saura da ɗawainiya, yaro kuwa ya tashi cikin rashi da gori bisa laifin da ba shi ya aikata ba.

Maganar ta shafi Nijar baki ɗaya, amma ta fi fitowa fili a garuruwan da ke bakin hanya. Tsarnawa na daga cikinsu. Nan ne hanyar Tawa ke rabuwa da babbar hanya mai lamba 1 wadda ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram. Birnin Ƙonni na yamma, bai kai kilomita 20 ba, ga iyakar Najeriya a bayansa. Malbaza da masana'antarta ta siminti na gabas, ga kuma Galmi da albasarta. Manyan motoci na kwana a tasha suna jiran lodi, fatake na zuwa su share watanni, samarin Adar kuma, tun daga Illela har ƙauyukan Ƙonni, suna tafiya biɗa Abijan ko Legas ko Libiya. Mafi yawan gidajen wannan yanki gidajen aure ne na sunna, wannan ba a musu. Sai dai duk inda baƙi ke shiga suna fita, ba a rasa macen da aka bari da yaro a hannu, uban kuwa ba a san inda ya sa gaba ba.

KASHI UKU DA AKE CAKUƊAWA

Kafin a tambayi wanda ciyarwa ta hau kansa, wajibi ne a rarrabe abubuwa uku. Na farko shi ne auren da aka ɗaura, aka kuma rubuta shi a ofishin magajin gari. Na biyu shi ne auren da aka ɗaura gaban liman da waliyyi da shaidu, aka biya sadaki, aka raba goro, amma ba a rubuta shi ko'ina ba. Na uku shi ne zaman dadiro, inda ba waliyyi, ba sadaki, ba shaidu, sai dai ɗaki guda da tukunya guda.

Wasu ƴan boko da waɗanda suka zauna ƙasashen waje kan ce in zama ya daɗe, doka na mai da shi aure. Wannan magana tana da asali, amma asalin nata na can nesa. A wasu jihohin Amurka, irin su Teksas da Kolorado da Kansas, in namiji da mace suka yarda su miji da mata ne, suka zauna tare, suka nuna wa jama'a haka, to kotu na iya ɗaukar su ma'aurata ko ba a yi wani biki ba. A Ingila kuwa tun 1753 doka ta wajabta a ɗaura aure a fili bisa ƙa'ida, Sikotland ma ta soke irin wannan aure na daɗewar zama a 2006. Faransa ta shigar da ma'anar zaman dadiro cikin kundin dokarta a 1999, amma ba ta ɗauke shi aure ba.

A Nijar ba wata ƙofa da zama ke bi ya koma aure. Addini bai yarda ba, al'ada ba ta yarda ba, dokar boko ma haka. Ko an shekara ashirin tare, macen ba ta da gadon namijin, ba ta da haƙƙin ci da sha irin na matar aure, ba kuma a zancen saki ranar rabuwa. Duk macen da aka ruɗa da cewa shekaru za su tsaya mata a matsayin shaidu, an cuce ta.

To amma akwai darasi na biyu daga waɗancan ƙasashe, wanda ya fi na farko amfani. A 1973 Kotun Ƙoli ta Amurka, cikin wata shari'a da ta taso daga Teksas, ta yanke cewa ba a hana yaro haƙƙin ciyarwa daga ubansa don kawai iyayensa ba su yi aure ba. Faransa kuma ta kawar da bambancin suna tsakanin ɗan aure da wanda ba na aure ba a 2005. Wato sun ware maganar aure gefe guda, maganar cikin yaro gefe guda.

WACE DOKA ALƘALI KE BI?

Nijar ba ta da dokar iyali guda wadda ta game kowa. An fara shirya ta tun cikin shekarun 1970, daftarin ya gamu da adawar ƙungiyoyin addinin Musulunci a 1994, wani yunƙurin kuma ya sake faɗuwa a 2011. Saboda haka har yau alƙali na tafiya ne bisa tsarin da dokar 16 ga Maris 1962 ta shimfiɗa, wanda dokokin 2004 da 2018 suka riƙe: cikin sha'anin aure da saki da dangantakar ɗa da uba da gado, al'adar masu shari'a ake bi. Shi ya sa masana al'ada, waɗanda galibinsu malamai ne, ke zama tare da alƙali suna ba shi shawara. A ƙasar Ƙonni da Adar kuwa, al'ada ta daɗe da cuɗanya da mazhabar Malikiyya, har da wuya a raba su.

Kundin dokar farar hula da aka gada daga Faransa, wanda ƴan boko ke kira Kod Sibil, yana aiki ne ga wanda ya zaɓe shi, ko inda al'ada ta yi shiru. Akwai kuma wani sharaɗi da dokar 2004 ta ƙara: al'ada ba ta aiki in ta saɓa wa yarjejeniyoyin duniya da Nijar ta amince da su. Mai karatu ya riƙe wannan sharaɗi, don za a komo gare shi.

Kafin magana ta kai kotu, yawanci tana biyawa ta ƙofar mai gari ko sarki. Dokar sarautar gargajiya ta 1993, da wadda ta maye gurbinta a 2015, sun ba sarakuna ikon sulhunta jama'a da rubuta takardar sulhu. Ikon nasu ya tsaya nan. Tilastawa aikin alƙali ne.

AUREN DA BA TAKARDA

Auren kashi na biyu aure ne cikakke, ƴaƴansa kuma ƴaƴan halal ne. Malaman Malikiyya, tun daga Risala har Muhtasar, sun ɗora wa uba ci da sha da sutura da muhallin ɗansa namiji har ya balaga ya iya nema, na ɗiya mace kuwa har ta tare gidan mijinta. Saki ba ya sauke wannan nauyi. Haka nan kasancewar yaro hannun uwarsa ba ya sauke shi, don riƙo daban, ciyarwa daban. Namijin da ke cewa ko a ba shi ɗansa ko ya janye hannunsa, ya jahilci hukuncin da yake iƙirarin bi. Al'adar karɓe yaro in ya shekara bakwai, ko ma da zarar an yaye shi, ta fi mazhaba tsanani, domin a Malikiyya uwa ce ke da fifikon riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare, muddin ba wani dalili da ya kawar da haƙƙinta.

Matsalar wannan kashi ita ce hujja. In an ɗaura auren cikin gari, liman na nan, sanƙira na nan, waɗanda suka ci goro na nan, da wuya namiji ya musanta. To amma a ɗauki misalin wadda aka ɗaura wa aure a zangon Abijan, ko wadda ta auri baƙon direba, abokin tafiyarsa ya tsaya masa wakili. Bayan shekara biyar shaidu sun watse, limamin ya rasu, namijin kuma ya ce shi bai san zancen ba. Ko kuwa ya yarda da auren, amma ya ce ya sake ta da baki tun kafin ta ɗauki ciki. Tun da ba a rubuta ranar aure ba, ba a rubuta ranar saki ba, lissafin idda da watannin ciki ya koma maganarsa da tata. A haka ne matar sunna ke wayar gari ana kallonta kamar ƴar dadiro, ɗanta kuma ana yi masa kallon tuhuma.

Maganin wannan ba shi da tsada. Dokar 1 ga Yuli 2019 ta ba da kwana 60 don a bayyana haihuwa ko aure, bayyanawar kuma kyauta ce, ana yin ta a cibiyoyin ƙauyuka da gidajen likita ba sai an je birni ba. Wanda ya bari wa'adin ya wuce, sai ya nemi hukuncin alƙali kafin ya samu takarda. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 64 cikin ɗari ne na yara ƴan ƙasa da shekara biyar aka rubuta haihuwarsu. Wato cikin yara uku, fiye da ɗaya gwamnati ba ta san da shi ba, balle ta san sunan ubansa. Ba a fafe gora ranar tafiya: ranar da ake raba goro ita ce ranar neman takarda.

ƊAN ZAMAN DADIRO

Kashi na uku shi ne mai wuya. Hukuncin mafi yawan malamai sananne ne: ana danganta ɗa ga mijin uwarsa in an haife shi bayan wata shida da aure, wanda aka haifa ba aure kuwa ana danganta shi ga uwarsa, ita yake gado, ita ke gadonsa. Wasu magabata, irin su Ishaƙu ɗan Rahawaihi, daga baya kuma Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, sun ga halaccin a danganta shi ga namijin in ya amsa cewa nasa ne, matuƙar macen ba matar wani ba ce. Amma wannan ba shi ne ra'ayin da ake aiki da shi a zaurukan malaman Nijar ba.

Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. Namijin da ya zauna da mace ido na ganin ido, yana kawo cefane, maƙwabta na gaishe shi da mai gida, da ya ji zancen ciki sai ya tuna da addini, ya ce shari'a ba ta ba shi ɗan ba. Hukuncin da aka kafa don tsare nasaba da tsoratar da masu ɓarna ya zame masa mafaka. Macen kuwa ta koma gidan iyayenta in sun karɓe ta, ba ragon suna, ba itacen wanka, ba kayan ƙauri. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Daga irin wannan ƙunci ne ake samun yasar da jarirai da kisansu, laifin da ke kai mata gidan kaso su kaɗai, alhali kuwa su biyu suka yi cikin.

Kod Sibil ya bar wata ƴar ƙofa. Ayarsa ta 340, wadda ta samo asali daga dokar Faransa ta 16 ga Nuwamba 1912, ta ba alƙali ikon tabbatar da ubancin namiji ko da ba aure, bisa wasu dalilai ƙididdigaggu. Daga cikinsu akwai fyaɗe, da yaudara da alkawarin aure, da rubutun da namijin ya yi yana amsa ɗan, da sanannen zaman dadiro a lokacin da aka ɗauki cikin, da kuma ɗaukar nauyin yaro da ya taɓa yi a matsayin uba. A nan ne kaɗai daɗewar zama ke da tasiri: ba ta haifar da aure, amma tana iya zama shaidar ubanci, ubanci kuwa shi ke jawo ciyarwa. Wa'adin kai ƙara gajere ne, shekara biyu bayan haihuwa, ko bayan ƙarewar zaman. Abin lura, ita wannan doka ta 1912 ta bai wa gwamnonin mulkin mallaka damar taƙaita ta ga Faransawa da waɗanda aka ɗauka daidai da su, ta yadda baƙar mace ba za ta iya kai Baturen da ya bar ta da ɗa ƙara ba. Gudun ɗawainiyar ɗa tsohuwar cuta ce, kuma ba ta san launin fata ba.

Sai dai macen ƙauye da ke ƙarƙashin al'ada ba kasafai take kaiwa ga wannan ƙofa ba. A nan ne sharaɗin da aka ambata ɗazu ke shigowa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990, wadda ta hana nuna wa yaro bambanci saboda yanayin haihuwarsa, ta kuma umurci gwamnatoci su ɗauki matakin karɓo masa kuɗin ciyarwa daga iyayensa, ko suna cikin ƙasa ko waje. Nijar ta kuma amince da yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yaro da jin daɗinsa, wadda ayarta ta 18 ta hana a tauye wa yaro ciyarwa saboda iyayensa sun yi aure ko ba su yi ba. Alƙalin da ke son kare yaro yana da abin dogaro a hannunsa.

NASABA DABAN, CIYARWA DABAN

Masu adawa kan ce tilasta wa irin wannan namiji ciyarwa tamkar halatta zina ne. Tsoron nasu abin saurare ne, don ba mai son a rushe martabar aure. Amma wasu ƙasashen Musulmi sun fuskanci tambayar, sun kuma sami amsa. A Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, majalisar malamai ta ba da fatawa a 2012 cewa ɗan da aka haifa ba aure ba shi da nasaba da namijin, ba ya gadonsa, namijin kuma ba ya zama waliyyinsa. Amma hukuma na da ikon hukunta namijin ta hanyar tilasta masa biyan buƙatun yaron, da ware masa wani abu daga dukiyarsa ta hanyar wasiyya. Tunisiya, da dokarta ta 1998, ta yarda a tabbatar da uba ta hanyar iƙirari ko shaidu ko gwajin ƙwayoyin halitta, yaro ya samu suna da ciyarwa. Maroko kuma, cikin dokar iyali ta 2004, ta danganta cikin da aka samu lokacin baiko ga saurayin, bisa wasu sharuɗɗa.

Hanyar malaman Indonesiya ita ce ta fi kusa da abin da zaurukan Adar da Ƙonni za su iya karɓa, domin ba ta taɓa hukuncin nasaba ba ko kaɗan. Ta ɗauki ciyarwar a matsayin horo ga mai laifi da kariya ga marar laifi. In an duba da idon basira, halin da ake ciki yanzu shi ne ya fi ƙarfafa ɓarna, tun da namiji ya san zai ci bulus. Ranar da ya tabbata cewa duk cikin da ya yi zai bi shi har aljihunsa shekara goma sha, zai yi tunani kafin ya kama ɗaki ya ajiye ɗiyar mutane.

HUKUNCI DA CIKA SHI

Samun hukunci abu ne guda, ganin kuɗin a hannu wani abu ne. In namijin ma'aikaci ne mai albashi, doka ta yarda a yanke kuɗin tun daga tushe. Dokar hukunta laifuka ta 1961 kuma ta lissafa yasar da iyali da ƙin biyan ciyarwar da kotu ta yanke cikin laifuka. To amma manomin albasa da karen mota da ɗan biɗa ba su da takardar albashi. A ce alƙali ya yanke jika goma a wata: in uwa za ta biya kuɗin mota daga ƙauye zuwa Ƙonni sau biyu ko uku tana biɗarsu, me ya saura? In kuma namijin ya tsallaka iyaka ya shige Sakkwato, sammacin Nijar ba ya isa gare shi cikin sauƙi.

Saboda haka ya kamata sulhu da hukunci su dace da rayuwar mutane. Ana iya yanke wa manomi damman hatsi da kaka, ko kaso daga cinikin albasa, a rubuta gaban sarki, a sa wani daga danginsa ya tsaya masa. Ɗan biɗa kuwa ba shi da uzuri a yau, tun da kamfanonin aika kuɗi sun cika garuruwa: wanda ke iya aiko kuɗin ginin ɗaki yana iya aiko na tiyar hatsi. Shugabannin tasha da na ƴan albasa sun san kowane direba da kowane falke, sun san garinsa da ubangidansa. In suka sa baki, kunya kaɗai na iya yin aikin da sammaci ya kasa.

Macen da ta samu kanta cikin wannan hali kada ta tsaya jiran alkawari. Ta rubuta haihuwar ɗanta cikin kwana 60, ko uban ya zo ko bai zo ba. Ta adana duk wata shaida: takardar aiko kuɗi, saƙon waya, sunayen maƙwabtan da suka san zaman. Ta fara da mai gari da malamai, ta kuma nemi a rubuta duk abin da aka shirya. In sulhu ya faskara, akwai babbar kotu a Birnin Ƙonni, akwai kuma hukumar taimakon shari'a da aka kafa a 2011 don marasa hali, da ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar.

Limamai su ma suna da rawar takawa. Wanda ya ɗaura aure ya rubuta shi cikin littafi, da rana da sadaki da sunayen shaidu, ya kuma tura ango ofishin magajin gari tun goro bai bushe ba. Iyaye kuma su daina ba da ɗiya ga baƙon da ba a san asalinsa ba don kawai ya zo da kuɗi. Hukumomi da malamai kuwa, tun da dokar iyali gaba ɗayanta ta gagara fiye da shekara arba'in, sai su zauna bisa wannan batu guda, wanda ya fi sauƙin daidaitawa: ciyar da yaro. Yaran da ke yawon tasha a Tsarnawa da Ƙonni da Malbaza ba su san Kod Sibil ba, ba su san saɓanin malamai ba, abin da za su ci da dare suke nema.

Allah shi kyauta, shi kuma ba iyaye ikon sauke nauyin da ya rataya a wuyansu.